Hoto ya fito amma babu sauti: me za ka saya don haɗa kwamfuta da talabijin?

Kafin ka ciro ko sisi, juya kwamfutarka ka duba bayanta, sannan ka leƙa bayan talabijin ɗin. Ramukan da ke wuraren nan biyu su ne za su gaya maka abin da za ka saya. Mutane da yawa suna zuwa kasuwa da magana ɗaya, "ba ni wayar da ke haɗa kwamfuta da talabijin," mai shago kuwa ya miƙo abin da ke kusa da hannunsa. A gida hoto ya fito tangaran, sauti ko ƙis.

Idan katin hotonka, wato ɓangaren kwamfuta da ke fitar da hoto zuwa allo, yana da ramin HDMI, to ka huta. Tun da aka fito da HDMI a 2002, an tsara shi ne ya ɗauki hoto da sauti a waya guda, har tashoshin sauti 8. Katunan Nvidia da AMD na zamani duk suna da na'urar sautinsu a ciki. Abin da ya rage shi ne ajin wayar. Mai rubutun High Speed ta ishi talabijin ɗin 1080p. Ga 4K mai hoto 60 a daƙiƙa, nemi Premium High Speed, wadda ke ɗaukar bayanai har gigabit 18 a daƙiƙa. Ultra High Speed mai gigabit 48 ta HDMI 2.1 ce, kuma ba za ka ga amfaninta ba sai katinka ya kai RTX 30 na Nvidia ko RX 6000 na AMD, waɗanda suka fito a 2020, talabijin ɗin ma yana da irin wannan ramin. Kada kan waya mai ruwan zinare ya ruɗe ka, ba ya ƙara wa sauti daɗi. Tsawo ne abin tsoro: da zarar waya ta doshi mita 10, mai arha takan fara ɗauke hoto da sauti.

Akwai waɗanda wayarsu lafiya lau amma shiru, kuma ba sa buƙatar sayen komai. Wani ya soka wayar a ramin madabod (babban allon cikin kwamfuta) da ke sama, alhali na katin yana ƙasa a kwance. Wani kuma Windows ce ke ci gaba da tura sauti zuwa tsohuwar sifika. Danna alamar lasifika kusa da agogo, ka zaɓi sunan talabijin ɗinka a jerin. In sunan bai bayyana ba, sake saka direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, ka tabbatar ɓangaren NVIDIA High Definition Audio ko AMD High Definition Audio ya shiga.

Inda aka fi yin asara shi ne DisplayPort, kuma a nan nake so ka natsu. Sabbin katuna yawanci ramin HDMI ɗaya gare su da DisplayPort uku, sannan tsofaffin kwamfutocin ofis na gwanjo irin su Dell OptiPlex da HP, da suka cika shagunanmu, da yawansu DisplayPort da VGA kawai suke da su. Talabijin kuwa da wuya ka ga DisplayPort a jikinsa. DisplayPort yana ɗaukar sauti, saboda haka adafta daga shi zuwa HDMI tana aiki, amma iri biyu ce. Mai arha ba ta juya siginar da kanta, katin ne ke yi, don haka sai ramin yana da abin da ake kira DP++, wanda wani lokaci za ka ga tambarinsa a gefen ramin. Yawancin irinta suna tsayawa a 1080p, ko 4K mai hoto 30. Ɗayar, wadda ake rubuta wa Active a kwali, tana da ƙaramar na'ura a ciki mai yin juyin da kanta. Ta fi tsada, amma ita ce ta 4K mai hoto 60, kuma ita nake ba da shawara ga duk wanda bai tabbatar da raminsa ba. Sannan ka sani hanya ɗaya waɗannan wayoyi suke bi, daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na talabijin. In ka juya su ba abin da zai fito.

DVI, farin ramin nan mai faɗi da kusoshi biyu, asalinsa hoto kawai yake ɗauka. Kamfanin ATI ya fara tura sauti ta cikinsa a katunan Radeon HD 2000 na 2007, amma sai da adaftarsu ta musamman da ke zuwa cikin kwalin. Katunan Nvidia na wancan zamani, irin su GeForce 9 da GTX 200, sai an jawo siririyar wayar sauti ta S/PDIF daga madabod zuwa jikin katin. Duk wanda ya sayi irinsu na hannu, da wuya ya samu waɗannan kayan tare. Mafita mafi sauƙi: duba ko talabijin ɗinka yana da ramin da aka rubuta wa HDMI/DVI da ƙaramin ramin sauti a gefensa. In akwai, wayar sauti mai kai irin na iyafis daga koren ramin kwamfuta ta gama magana.

VGA, shuɗin nan, ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Akwai kwanbata daga VGA zuwa HDMI mai ramin sauti da wayar USB ta wuta, tana aiki, amma hoton yakan ɗan dushe. Ka kula ƙwarai, wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce kishiyarta, daga HDMI zuwa VGA, kuma kamar tagwaye suke a ido. A ganina, in kuɗin ya kai, gara ka ƙara ka sayi ƙaramin kati mai HDMI kamar GT 710 ko GT 1030, bayan ka duba ko akwatin kwamfutarka siriri ne mai buƙatar kati mai gajeren ƙarfen ɗauri.

Masu gidan kallo da masu son sauti ya cika falo su nemi ramin da aka rubuta wa ARC ko eARC a talabijin: kwamfuta ta shiga wani ramin HDMI, wannan kuma ya mayar da sauti zuwa sandar sifika ko amfilifaya. Ramin optical ma yana yi, sai dai iyakarsa sitiriyo ko Dolby Digital da DTS na 5.1. In tsohuwar amfilifaya ce mai ramuka ja da fari, akwai ɗan akwatin da ke tsame sauti daga HDMI ya bar hoto ya wuce.

In za ka kasuwa, ɗauki hoton ramukan biyu a wayar salularka ka nuna wa mai shago, kuma ka sa a gwada kayan a gabanka har ka ji sauti da kunnenka. Wajen haɗawa a gida, kashe na'urorin biyu tukuna, musamman idan janareta kake amfani da shi ko gidan ba shi da wayar ƙasa, domin ramin HDMI yana iya ƙonewa in aka soka masa waya da wuta a jiki, gyaransa kuma ya fi kuɗin wayar nesa ba kusa ba.