Bitamin C ko bitamin B3: wanne za ki fara saya don tabon kuraje?

'Yar'uwa, kin ce kuraje sun warke sun bar miki baƙin tabo a kumatu da haɓa, fuskarki mai maiƙo ce, kuma kuɗin hannunki na kwalba ɗaya ne. Kina so ki san ko siram, wato ruwan shafawa a fuska, na bitamin C za ki saya, ko na bitamin B3, wanda a jikin kwalba ake rubuta niacinamide. Ni dai na ce ki fara da B3. Ba don na raina bitamin C ba, akwai fuskar da shi zan ce a fara ba ta.

Duka biyun suna rage duhun tabo, amma kowanne da hanyarsa. A ƙarƙashin fata akwai ƙwayoyin da ke haɗa launi. Idan ƙurji ya kumbura, ko kika matse shi da farce, sai su ƙara ƙaimi, shi ya sa wurin ke yin baƙi bayan ya warke, kuma a jikin masu duhun fata irinmu tabon ya fi daɗewa. Bitamin C yana rage ƙarfin sinadarin da ke haɗa launin tun daga tushe. B3 kuwa bai hana a haɗa ba, hanyar da ake bi a kai launin saman fata yake tarewa. Ɗaya ya rage wuta a murhu, ɗaya ya tare ɗan aiken da ke kai kwano.

Akwai abin da bitamin C yake yi wanda B3 bai kai shi ba. Jiki ba ya iya gina kwalajin, wato abin da ke riƙe fata ta tsaya da ƙwarinta, sai da bitamin C. Dalilin ke nan wanda ya rasa shi a abinci dasashinsa ke jini, rauni ya ƙi warkewa. Yana kuma rage ɓarnar da hasken rana da hayaƙi ke yi wa fata. Marigayi Dakta Sheldon Pinnell na Jami'ar Duke a Amurka shi da abokan aikinsa suka nuna a 2001 cewa tsantsarsa, wanda ake rubuta L-ascorbic acid, ba ya ratsa fata sai ruwan yana da tsami sosai, ƙasa da 3.5 a ma'aunin pH, kuma idan ya wuce kashi 20 cikin ɗari fata ba ta ƙara shan komai. A 2005 suka nuna cewa ƙara rabin kashi na ferulic acid, wani sinadari da ake samu a tsirrai, a kan haɗin kashi 15 nasa da kashi 1 na bitamin E yana ninka kariyar da haɗin yake bayarwa daga rana. Idan kin ga waɗannan ukun tare a kwalba, daga can aka samo haɗin. Mace da ta haura talatin da biyar, fatarta ta fara dusashewa, ba ta da kuraje, ita zan ce ta fara da wannan.

To amma ga inda matsalar take a wajenmu. Tsantsar bitamin C ba ya jure zafi, ba ya jure haske, ba ya jure iska. Ki tuna yadda Afrilu yake a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafi ya haura digiri 40, kwalba tana zaune a kan kantar shago wata da watanni, a gida kuma wutar da za ta riƙe firij ba tabbas. Sabo yana zuwa kamar ruwa ko da ɗan ɗorawa kaɗan. Da zarar ya koma ruwan lemo mai duhu ko kalar shayi, ya lalace, kuɗinki ya tafi. Ga shi da tsami, yana raɗaɗi a fatar da ke da sabon ƙurji, balle a hunturu lokacin da fuska ke gautsi tana tsagewa. Akwai 'yan'uwansa masu sauƙi, irin su sodium ascorbyl phosphate da ascorbyl glucoside, sun fi jure zafi, ba su cika raɗaɗi ba, sai dai aikinsu a hankali yake.

B3 ba shi da wannan rigimar. Ki ajiye shi a kan madubi, ba abin da zai same shi. Yana rage maiƙo, wanda shi ne kukanki na biyu, yana kwantar da kumburin ƙurji, yana taimaka wa fata ta riƙe danshi. Galibi ya fi araha. Kashi 2 zuwa 5 ya isa, shi aka fi gwadawa a bincike. Masu kashi 10 sun cika kasuwa, amma wasu suna sa su ƙaiƙayi ba tare da ƙarin amfani a zo a gani ba. Ke da har yanzu kurajen ke ɗan leƙowa, abin da ke hana sabon tabo fitowa ya fi miki amfani a kan wanda ke goge tsohon kawai.

Na san za a ce miki ki matse lemon tsami, ai shi ma bitamin C ne. Don Allah kar ki yi. Bitamin C ɗin da ke cikin ruwansa bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, kuma akwai sinadari a cikinsa, musamman a ɓawo, da idan ya haɗu da rana yake ƙona fata ya bar tabon da ya fi wanda kike gudu. Kuma kar wani ya sayar miki da ɗayan biyun nan da sunan zai mayar da ke fara. Ba bilicin ba ne, tabo suke sassautawa har ya kusanci kalarki ta asali. Duk man da aka rubuta bitamin C a jikinsa ya haskaka mutum cikin sati ɗaya, akwai wani abu dabam a ciki. Idan kuma kin taɓa daɗewa kina shafa man bilicin fata ta yi laushi har jijiyoyi suna nunawa, ki ga likitan fata kafin ki ɗora komai.

Ki fara gwada ɗigo ɗaya a gefen muƙamuƙi kwana biyu. Idan lafiya, ɗigo biyu ko uku safe da dare bayan kin wanke fuska, da safe ki ɗora man kariyar rana mai SPF 30 ko sama, don in babu shi rana za ta riƙa mayar da tabon baya. Ki ba shi sati 8 zuwa 12 kafin ki yanke hukunci, ki kuma cire hannu daga matsa.

Idan kurajen sun lafa kuma kuɗi ya samu, sai ki ƙara bitamin C da safe, ki bar B3 da dare, ba sa faɗa da juna. Ki nemi ƙaramar kwalba mai duhu wadda za ki ƙarar cikin wata uku, kashi 10 don farawa, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ki kuma ga kalar ruwan da idonki kafin ki biya.