Miƙe kan babur a garejin unguwa: wane aiki ne ya cancanci kuɗinka?

Babur ya faɗi, ko tayar gaba ta faɗa rami da gudu, sai ka hau ka ga taya tana kallon gaba sak amma kan ya karkace hagu ko dama. Duk bakaniken da ka kai wa, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, zai ce maka ƙaramin aiki ne. Sai dai gyaran da suke yi iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba.

Na farko shi ne wanda aka fi gani a bakin titi. Yaron gareji ya matse taya tsakanin gwiwoyinsa, ko ya jingina ta da bango, ya fizgi kan da ƙarfi har ido ya ga ya miƙe. Minti biyu an gama, wani ma ba zai karɓi ko sisi ba. Wannan zai kai ka gida, iyakarsa ke nan. Ba a kwance noti ko ɗaya ba, sandunan shok biyu suna nan a murɗe cikin maƙalarsu, shi ya sa rami na gaba kan mayar da kan inda ya fito.

Aikin da ya cancanci a biya yakan ci kusan awa ɗaya a kan babur irin Bajaj Boxer ko Jincheng. Ana ɗora babur a kan babbar ƙafarsa, a sassauta notin sandar taya, wato ƙarfen da ya ratsa tsakiyar tayar gaba, da notocin modigad, da waɗanda suka matse shok a maƙalar ƙasa, wadda bakanikai ke kira "ti", sannan babban notin wuya kaɗan. Sassautawa ce kawai, ba cirewa ba, kuma ana barin na saman shok a ɗaure don kada sandunan su zame. Sai a sauke babur, a riƙe birkin gaba, a danna kan ƙasa da ƙarfi sau biyar ko shida. Wannan dannawar ce ke sa sandunan su koma mazauninsu da kansu. Ɗaurewa daga sama take farawa ta gangaro ƙasa. Bakaniken da ya fara ɗaure sandar taya ya kulle karkacewar a ciki.

Inda gwani ke fita daban shi ne awo. Yana ɗaukar igiya ya auna daga ƙarshen hannun dama zuwa notin da ke tsakiyar bayan kujera, ya maimaita a hagu. In tsawon bai zo ɗaya ba alhali taya tana kallon gaba sak, ƙarfen kan ne ya lanƙwashe, kuma sabo ya fi a buga shi da guduma. Yana kuma leƙa tayar baya, domin in alamomin jan sarƙa ba su daidaita a gefe biyu ba, babur zai riƙa tafiya a karkace ko da gaba lafiya lau take. Da yawa ba sa duba wannan, mai babur ya yi ta zarya a banza.

Babban abin da nake ƙi a garejin unguwa shi ne yadda ake yi wa sandar shok da ta lanƙwashe. Gane ta ba wuya: a cire ta, a mirgina a kan gilashi ko faffaɗan ƙarfe, in haske na ratsawa ta ƙarƙashi ta tanƙware. Littattafan gyara na Honda sukan ba da iyakar milimita 0.2 kacal. Amma sai ka ga an kai ta wajen mai walda an gasa da wuta, an daddake. Zafin yana rage ƙarfin ƙarfen, ya ɓata santsin jikinta, ta cinye sil, wato robar da ke tare man shok, man ya fara zuba ya gangaro wajen birki. Wanda ke ɗaukar buhun hatsi ko iyalinsa a babur kada ya yarda da wannan, ya sayi sanda sabuwa.

Kafin ka biya, a ɗaga tayar gaba sama ka juya kan a hankali daga gefe zuwa gefe. In yana maƙalewa a tsakiya, ƙwallayen boris na wuya sun ci kofinsu, sai an canja duka an cika giris. Ka kama ƙasan shok ka ja gaba da baya, kada ka ji ƙwas-ƙwas. Juya tayar ka sa ido a bakin rim. Rawar da ta wuce milimita 2 aikin mai ɗaure sifok ce, wato wayoyin da ke riƙe rim. A sa iska kusan awo 25 (psi) a tayar gaba, sannan ka gwada shi a miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka taka birki a hankali ka ji ko yana jan ka gefe ɗaya.