The Last of Us Part I: shin sabon rufi a kan tsohon gini ya kai dala 70?

A ranar 2 ga Satumban 2022 kamfanin Sony ya fitar da wasan bidiyo na The Last of Us Part I a kan na'urar PlayStation 5, ya kuma sa masa kuɗi dala 70, wato daidai da abin da yake karɓa a kan wasan da ba a taɓa gani ba. Wannan ne karo na uku da aka sayar da labarin Joel da Ellie, jaruman wasan, cikin shekara tara. Na farko ya fito a Yunin 2013 a kan PlayStation 3, sai aka yi masa kwaskwarima a Yulin 2014 domin PlayStation 4, aka sayar da shi dala 50, kafin daga baya farashinsa ya sauko zuwa dala 20. Abin da ya sa zancen kuɗin ya yi zafi shi ne wannan na 2014 yana aiki lafiya ƙalau a kan PlayStation 5, don haka mai saye yana da damar ya tambayi abin da ƙarin dala 50 za ta sayo masa.

Sai an fara bambance abu biyu da masu talla kan cakuɗa da gangan. Akwai kwaskwarima, inda ake ɗaukar tsohon wasa a ƙara masa kaifin hoto da saurin motsi ba tare da an taɓa gininsa ba. Akwai kuma sake gini, inda ake zana mutane da wurare da haske daga farko da kayan aikin zamani. Kamfanin Naughty Dog, wanda ya ƙirƙiri wasan, ya ce aikinsa na 2022 sake gini ne, kuma ta fuskar abin da ido ke gani bai yi ƙarya ba.

A nan ne wasan ya fi burge ni, musamman a fuskoki. Muryoyin Troy Baker da Ashley Johnson, waɗanda suka fito a matsayin Joel da Ellie, su ne dai waɗanda aka ɗauka tun farko, ba a sake naɗar su ba, amma yanzu fuskar da ke ɗauke da muryar ta kamo ta. A fitowar farko, idan Joel ya yi shiru, shirun ne kawai. A wannan kuwa ana ganin yadda yake haɗiye magana, da yadda idon Ellie ke cika da ƙwalla kafin ta kawar da kai. Tess, abokiyar fataucin Joel a birnin Boston, an sake mata kama har ta zama mace mai shekaru wadda wahala ta ci, abin da ya fi dacewa da wadda ta yi shekara ashirin tana rayuwa bayan annoba ta rusa duniya. Haka hasken da ke ratsa rusassun benaye na Pittsburgh, da ruwan da ya kwanta a ƙasan otal, da ƙanƙarar lokacin hunturu, duk an yi su da kulawar da ba a samu a aikin gaggawa.

Akwai wani ƙari da ba a cika yi masa adalci ba, wato tanadin da aka yi wa masu buƙata ta musamman. An sa murya mai bayyana abin da ke faruwa a allo domin makafi da masu raunin gani, an kuma sa abin riƙewa na DualSense ya riƙa girgiza gwargwadon yadda ake furta magana, ta yadda kurma zai ji nauyin kalma a tafin hannunsa. Ga mutumin da wasan 2013 ya rufe wa ƙofa, wannan ba tsohon kaya ba ne, sabo ne fil, kuma ba ni da bakin ce masa ya yi tsada.

Amma da zarar an bar kallo an koma wasan kansa, sai hannu ya gane tsohon gida. Hanyoyin su ne na da, wuraren faɗa su ne na da, tsanin da ake ɗauka a jingina da katakon da ake tura Ellie a kai ta ƙetare ruwa suna nan yadda aka bar su. An gyara wayon abokan gaba kaɗan, suna zagaye mutum fiye da da, sai dai ba a kawo kauce wa duka da rarrafe da ciki ba, waɗanda suka sa faɗan kashi na biyu na wasan, wato The Last of Us Part II na 2020, ya fi armashi. Mafi ciwo shi ne an cire Factions, sashen fafatawa da wasu ta intanet, wanda yake cikin na 2013 da na 2014. Ke nan wanda ya biya dala 70 ya samu kayan da bai kai na mai dala 20 yawa ba, duk da cewa an haɗa masa da ƙaramin labarin Left Behind, wanda shi ma yana cikin na 2014.

Idan ana son ganin abin da cikakken farashi ya kamata ya saya, sai a duba Resident Evil 4 da Capcom ta sake ginawa a Maris ɗin 2023 a kan dala 60. A na asali na 2005, Leon, jarumin wasan, ba ya iya tafiya yana saita bindiga. A sabon yana yi, yana kuma tare sara da wuƙa, wuƙar kuma tana lalacewa sai an gyara ta. An sauya tsarin wurare, an cire wasu, an faɗaɗa wasu, har wanda ya haddace tsohon sai ya sake koyon yadda zai tsira. A ɗaya gefen kuma akwai tarin Grand Theft Auto guda uku da aka yi wa kwaskwarima a Nuwamban 2021, shi ma dala 60, wanda ya fito da kurakurai masu yawan da sai da Rockstar, kamfanin da ke da wasan, ta fito ta nemi afuwa. Wasan Naughty Dog ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma bai kai ƙarfin halin na Capcom ba.

Abin lura shi ne Sony da kanta ta nuna akwai wata hanya. Da ta fitar da kwaskwarimar kashi na biyu a Janairun 2024, ta bar masu tsohon su ɗaukaka nasu da dala 10 kacal, har da ƙarin sabon sashen wasa mai suna No Return. Masu kashi na farko ba a yi musu irin wannan rangwame ba.

Wanda bai taɓa bin Joel da Ellie daga Boston zuwa Salt Lake City ba, wannan fitowar ita ce mafi kyau da zai fara da ita, kuma ba zai yi da-na-sani ba. Wanda ya riga ya gama na PlayStation 4 kuwa, musamman mai samun kuɗinsa da naira ko sefa alhali farashin da dala ake yanka shi, ban ga dalilin da zai biya cikakken kuɗi ba. A Satumban 2024 an sa wasan cikin jerin matakin Extra na PlayStation Plus, tsarin Sony na biyan kuɗin rajista domin samun wasanni, ana kuma yawan karya farashinsa a lokutan rangwame, ga kuma faifan hannu na biyu da ake samu a wurin masu sayar da gem.