Batirin kwamfutar hannu (tablet, irin su iPad) ya gaji: ka buɗe da kanka ko ka kai wa mai gyara?

Kafin a kai ga batun wa zai buɗe, a fara tabbatarwa batirin ne ya gaji. Sau da yawa laifin na igiyar caja ne, ko ƙura ce ta cushe bakin caji. Amma in ka cika caji da safe ya zube kafin rana ta take, ko yana nuna kashi 30 sai na'urar ta ɗauke ɗif, to ya sha jiki. Apple na cewa an ƙera batirin iPad ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikawa da ƙarewa sau 1,000, kuma mai amfani da ita kullum zai kai nan cikin 'yan shekaru. In kuwa ka ga gilashi ya fara ɗagowa ta gefe, batirin ya kumbura ke nan. Ka cire caja nan take, kada ka danna gilashin don ya koma.

Ni dai na taɓa buɗe tawa da hannuna, kuma ba zan sake ba. Na kalli bidiyo har sau uku, mutumin ciki ya gama komai kamar yana ɓare gyaɗa. Abin da bidiyon bai nuna mini ba shi ne yawancin waɗannan na'urori ba da ƙusa ake haɗa su ba, da gam ne. Sai ka ɗumama gefen gilashin har gam ɗin ya saki, ka zura siririyar roba, ka bi a hankali. Na yi gefe uku lafiya. A kusurwa ta huɗu gam ya riga ya huce, na ɗan ƙara ƙarfi, sai na ji "ƙas". Tsaga ɗaya siririya kamar gashi ta ratsa daga sama har ƙasa. Tawa kuma irin wadda gilashi da allon ciki a manne suke ce, ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Garin neman ƙiba na samo rama: kuɗin allon ya ninka na batirin.

Ko da ka tsallake gilashi, akwai siraran igiyoyin nan da masu gyara ke kira fileks, waɗanda ke haɗa allo da uwar na'ura. Ka zura roba ta wuce gona da iri, ka yanke ɗaya, taɓa allo ya daina aiki. Shi kansa batirin a manne yake da gam mai ƙarfi, kuma ba ƙarfe ne ya lulluɓe shi ba, jaka ce mai laushi. Ka lanƙwasa shi ko ka huda shi da sukudireba, zai iya tashi da wuta mai wuyar kashewa.

Ba na ce kowa ya haƙura ba. In taka tsohuwar Android ce mai murfin roba da ake ɓallewa ta baya, garanti ya ƙare, kuma in ta lalace ba za ka yi kuka ba, gwada. Ka sauke cajin ƙasa da kashi 25 kafin ka buɗe, ka yi aiki da kayan roba kawai, ka ɗiga sinadarin isopropyl a ƙarƙashin batirin ya narkar da gam maimakon ka yi ta banƙara. Kamfanonin ma sun fara sassautowa: Apple ya buɗe shirin gyara da kanka a Amurka a 2022, ya shigar da iPad ciki a 2025. Sai dai sayar maka da kaya daban, iya hannu daban.

Cibiyar kamfani kuwa, in garanti na nan ka kai can kawai; in ya ƙare, tsada da jira. Sayen sabuwa saboda batir kaɗai ɓarnar kuɗi ce.

Zaɓina shi ne mai gyara mai zaman kansa wanda ya san aikinsa. Abin da kake biya ba minti arba'in ɗin da ya yi ba ne, gilasan da ya fasa shekarun baya yana koyo ne. Yana da faranti mai ɗumama na'urar gaba ɗaya daidai wa daida, ya san inda kowace igiya ta bi a kowane samfuri, yana da sabon gam da zai mayar da allon ya zauna ba tare da ƙura ta shiga ba. Ana gane na kirki tun kafin ya taɓa komai. Zai tambayi lambar samfurin da ke bayan na'urar, zai gwada allo da kyamara da sifika a gabanka, zai faɗa maka wa zai ɗauki asara in gilashi ya fashe a hannunsa. Wanda ya ce "ai ba ya fashewa" ka ɗauki kayanka ka yi gaba. Ka kwafe hotunanka da takardunka tukuna, kuma canjin batir ba ya buƙatar ka bar masa lambar sirrinka. In zai gwada, ka buɗe masa da kanka.

Amma inda aka fi cutar mutane shi ne batirin kansa, ko kai ka sa ko wani ya sa maka. Wanda na saya a intanet a wancan karon an rubuta masa ƙarfin da ya zarce na asali nesa ba kusa ba, ni kuwa na yi ta murna na yi tsintuwa. Wata uku ya kumbura, ya ɗago sabon allon da na biya. Girman batir ɗaya, sinadari ɗaya, ba ta yadda za a yi mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, ya ninka. Duk wanda ya rubuta haka ƙarya yake. Akwai kuma masu ciro tsoho daga matacciyar na'ura su liƙa masa sabuwar takarda. Ka duba bayansa ko akwai ragowar tsohon gam, ka duba ko bakin igiyar ya goge. Ka nemi ranar ƙira, domin batirin lithium yana tsufa ko a ajiye yake. Lambar samfuri da boltej su zo daidai da na tsohon, harafi da harafi. Tambarin kamfani a jiki ba hujja ba ne, shi ne abu mafi sauƙin bugawa. Ni na fi yarda da batirin da ya fito fili da sunan wani kamfani daban, da garantin wata shida a rubuce, a kan "orijina" mai arha da ba a san asalinsa ba.

Ka ce a nuna maka sabon kafin a sa, a kuma miƙo maka tsohon bayan an cire, don an sha karɓar kuɗi a rufe na'ura da batirinta na da. Tsohon kada ya shiga kwandon shara ko ya kwana a aljihun tebur. Ka liƙe bakinsa da salatif ka kai inda ake karɓar matattun batura. In ka koma gida ka cika caji zuwa 100, ka kunna bidiyo ka ga awa nawa zai yi, ka kuma riƙa shafa gefen gilashin a makonnin farko ko ya fara ɗagowa, tun takardar garantin na hannunka.