Da me za ku ƙirga ganye da fata a teburin D&D a Legas?

Duk Lahadi bayan la'asar mu biyar muke haɗuwa a ɗakina a Agege muna buga Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke zama jarumi a cikin labari, ni ne mai jan labarin. Gardamarmu kullum a kan kayan da jarumai suka samo a daji take: wa ya tsinki ganyen magani, wa ya feɗe kyarkeci, tama nawa aka haƙo. A dokar wasan ta 2014, mai ƙera abu zai kashe rabin farashinsa a kayan aiki, kuma aikin zinari 5 (zinari shi ne kuɗin cikin wasan) kaɗai yake ci a rana. Sulke mai farashin zinari 1,500 ke nan kwana 300 da kayan zinari 750. Wa zai riƙe wannan a ka? Sai da abin ƙirge.

Katin da ake bugawa a Shomolu yana da kyau, amma fanka na juyowa dukiyar jarumi ta watse ƙarƙashin gado. Kanumfari da kimba daga Mile 12 ma mun gwada, uwargida ta kwashe ta yi kunu.

Ni dai duwatsun gilashi nake so, irin waɗanda mata ke saye a Balogun su yi sarƙa da jigida. Kore ganye, baƙi tama, fari azurfa, ja jinin dodo. Ku ɗauki manya masu ɗan faɗi, don masu kamar ƙwallo gangarawa suke yi. Ba ruwansu da laimar damina, kuma suna da nauyi a hannu. In ɗan wasa ya zube goma a gaban maƙerin cikin labari, har ransa yana jin ya rabu da wani abu. Kowa da gwangwanin madararsa. Fata kuwa, guntayen da ake yankewa a kasuwar fata ta Mushin sun wadatar, almakashi kawai.

Sai dai a yi hattara. Wasu roba ce aka shafa wa fenti. Ku ƙwanƙwasa ɗaya a haƙori, gilashi yana da sanyi da ƙara. Ku jiƙa farin hankici ku goga, in ya rine ku ajiye. Ku kuma zazzage ledar a gaban mai kaya, fasassu a ƙasa suke kwana.

Mafi muni su ne masu tallar "sandunan zinari na ƙarfe" a Instagram. Bara na tura wa wani kuɗi gaba ɗaya saboda hoto. Bayan mako uku ɗan acaba ya kawo kwali, na ɗaga na ji shafal. Na kankare ɗaya da makulli, sai ga farar roba. Na kira shi, sai ya ce, "Oga, ai kala ce ka zaɓa." Washegari ya toshe ni. Yanzu sai kaya sun iso hannuna na kankare, sannan mai shi ya ga alat.