Epoxy, fenti ko tayil: me ya dace da daɓen gareji?

Kafin ka je kasuwa tambayar kuɗin bokitin epoxy, wato shafi mai kama da fenti da ke daskarewa ya yi tauri a kan daɓe, fara sanin ko daɓenka na fitar da danshi. Kankare kan bushe a sama alhali laimar ƙasa tana ta hawowa ta cikinsa, musamman in magini bai shimfiɗa leda ba kafin a zuba. Da zarar an rufe shi da abin da ba ya barin tururi ya fita, sai ƙuraje su taso, daga nan shafin ya fara ɓarewa, galibi daidai inda tayoyi ke tsayawa da zafinsu.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Yanki leda mai santimita 45 kowane gefe, ka shimfiɗa ta a kan daɓen, ka manne bakinta da salatif, ka bar ta aƙalla awa 16. In ka ɗaga ka tarar da raɓa, ko wurin ya yi duhu, akwai danshi. Amma a damina za ka yi, kamar watan Agusta, don iskar hunturu kan busar da sama ta yaudare ka. Sabon daɓe kuwa sai ya kai kwana 28 tukuna.

In daɓen ya bushe ƙamas, epoxy ne gaba. Yana jure baƙin mai da nauyin mota, ga sauƙin gogewa. Polyaspartic, wani shafin daɓe mai kama da epoxy, ya fi shi saurin bushewa, kuma rana ba ta mayar da shi rawaya, sai dai ya fi tsada, kuma shi ma ba ya shiri da laima. Fentin daɓe na acrylic akwai araha, amma taya na cinye shi da wuri.

In ledar ta nuna raɓa, ko kana ganin farin gari kamar kanwa a gefen bango, kada ka bari mai shago ya lallaɓa ka. Ko dai a fara shafa epoxy na musamman mai tare danshi bayan an goge fuskar daɓen da inji, wanda ƙarin kuɗi ne sosai, ko ka ɗauki ruwan silicate da ke nutsewa cikin kankare ya bar shi yana numfashi. Ba ƙyalli, amma babu abin da zai ɓare. Ni dai a unguwar fadama tayil mai kauri na fi yarda da shi.

Ka kuma nemi takardar bayanin kayan ka duba iyakar danshin da kamfani ya yarda da ita. Da yawa kashi 75 cikin ɗari suke sawa, wanda sai da na'urar da ake huda daɓe a saka ake auna shi.