Kayan Gudun Hawa Dutse: Me Za Ku Fara Saya, Me Zai Iya Jira?

Idan kun haɗu ku huɗu ko biyar kuna shirin gudun nisa a kan duwatsu, ko irin tseren Obudu na Jihar Kuros Riba da aka fara a 2005, inda aka riƙa hawan kusan kilomita 11, ko wanda kuka tsara wa kanku a Dutsen Mbula na Dass, kuɗinku ya fara tafiya kan takalmi, sannan abin ɗaukar ruwa. Agogo shi ne na ƙarshe. Da yawa suna juya wannan jeri, su sayi agogo mai tsada, su hau dutse da kambas ɗin zuwa kasuwa.

Takalmin gudu iri biyu ne. Na kwalta ƙasansa kusan sumul yake, sosonsa mai laushi. Na daji yana da haƙora a ƙasa, bakinsa da roba mai kauri da ke tare yatsu idan an yi tuntuɓe. Wanda mafi yawan atisayensa a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi ne ko na Fantami da ke Gombe, dutse sai ƙarshen mako, na kwalta zai riƙe shi na ɗan lokaci. Amma a gangara mai tsakuwa santsi yake yi, nan ne ake gurɗewa.

Ko a cikin na dajin akwai zaɓi. Duwatsun da ke kewaye da garin Bauchi, irin su Warinje da Wambai, fa ne da tsakuwa, ba laka ba. Abin da ke kama fa shi ne roba mai ɗan taushi da haƙora gajeru, milimita 3 zuwa 4. Masu dogayen haƙora, milimita 6 zuwa sama, don taɓo aka yi su. A kan fa kaɗan ne daga ƙasan takalmin ke taɓa dutse, haƙoran kuma su cinye da wuri. Sai dai mai atisaye da damina a hanyoyin gona ta wajen Tula ko Billiri, shi dogayen za su yi masa amfani.

Sabo ko gwanjo? Soson takalmi yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma samansa na iya zama fes alhali cikin ya gama aiki. Gwanjo mai kyau na Salomon, Asics ko Hoka ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, amma sai an duba. Ku cire shimfiɗar ciki ku danna soson da babban yatsa: idan bai dawo ba, ko gefensa ya yi tamoji da yawa, ku ajiye. Ku ɗora shi a kan tebur ku duba ta baya. Wanda ya karkata gefe ɗaya tafiyar mai shi na farko ya koya, zai kuma ja muku ciwon gwiwa. Ku murɗa shi kamar ana matse wanki: wanda ya murɗe ba gardama ba zai tsare idon sawu ba. Jabu kuwa ana gane shi da warin gam, ɗinki mara daidai, da lambar jikin harshen da ta saba da ta kwali. A kasuwar Wunti ta Bauchi ko babbar kasuwar Gombe, ku je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ku yi gudu da ita. Ku bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmin. Wanda ya matse, a gangara yatsu suna dukan gaba har farce ya yi baƙi ya fita.

Safar auduga tana riƙe gumi, ta jiƙa fata, bororo ya tashi. Ku nemi ta nailan ko foliyesta mai rufe idon sawu, saboda ƙarangiya. Man kaɗanya a cinya da hammata yana hana saɓa.

Batun ruwa ba na wasa ba ne a nan, musamman Maris da Afrilu da zafi ke kusantar digiri 40 a Gombe. Da hunturu ma iska na busar da gumi har mutum bai san yana zubar da ruwa ba. Mai gudu yana buƙatar wajen mililita 400 zuwa 800 a awa. Gorar hannu ta rabin lita ta isa gudun awa ɗaya, amma tana cinye hannun da za a dafa dutse da shi. Ɗamara mai gora tana da araha, sai dai tana tsalle a ƙugu. Ga wanda zai wuce awa biyu, rigar ruwa mai aljihu biyu a ƙirji ita ce zaɓinmu: gora biyu masu laushi na rabin lita, ana ganin abin da ya rage, ana kuma iya zuba ruwa zalla a ɗaya, haɗin ORS na gishiri da sukari a ɗaya. Ƙunshi guda a lita ɗaya ake damawa, kada a ƙara masa ƙarfi. Jakar ruwa ta baya mai tiyo tana ɗaukar lita 1.5 zuwa 2, amma ruwan na ɗumama da zafin baya, wankinta da wuya, tiyon kuma yakan yi gansakuka. Kafin ku biya, ku cika rigar ku yi tsalle a shagon. Idan tana rawa, za ta goge muku kafaɗa.

Abincin hanya ba sai an sayi na waje ba. Jiki na son giram 30 zuwa 60 na sitaci da sukari a awa: ayaba ɗaya da ƙananan dabino biyar ko shida sun isa. Ƙuli-ƙuli da gyaɗa a bari sai an sauko, maiƙo na daɗewa a ciki.

Mafi yawanmu bayan Asuba muke fita, don haka tocilan goshi ta fi agogo muhimmanci. Tocilar waya tana ɗaure hannu, haskenta ba ya nisa. Yankin Kaltungo ya yi suna da kububuwa, har akwai asibitin masu saran maciji a garin. Ba wurin da za a taka duhu da ka ba ne. Mai hasken lumen 200 zuwa 300 (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske) da ake cajinta ta wadatar, kowa da tasa.

Abin da za ku yi karo-karo ku saya tare shi ne bandeji, filasta, usur, da agogon GPS guda ɗaya idan hali ya yi. Garmin da Coros suna auna nisa da tsayin da aka hau, batirinsu na jure doguwar fita. Ƙananan agogunan da ba su da GPS taku kawai suke ƙirgawa, a kan dutse lissafinsu ba ya tsayawa. Waya mai manhajar Strava a aljihun riga tana yin aikin kyauta, a dai cika cajinta don kiran gida idan wani ya ji rauni. Duk abin da kuka saya, ku gama saye makonni shida kafin ranar tsere, ku yi doguwar fita biyu ko uku da shi, ta yadda idan takalmi na cizo akwai lokacin canzawa.